Fuska ta 2020, Shasi na 2009: Yadda Ake Gane Zubi da Launin Motar Alfarma

Mazaunin Kabara ba sai ya je baje kolin motoci ba, motocin ne suke zuwa su same shi. Unguwar tana daura da Gidan Rumfa ta wajen Ƙofar Kudu, ga kuma Gidan Ƙadiriyya na Shehu Nasiru Kabara a cikinta. Don haka ranar Hawan Daushe, ko ranar naɗin wata babbar sarauta, ko lokacin Maukibi, duk motar da ake ji da ita sai ta bi ta nan: ta gwamna, ta hakimi, ta attajirin Kantin Kwari, ta baƙon da ya taso daga Abuja. Kafin mai motar ya gama saɓa babbar riga ya shige, samarin bakin titi sun buɗe musu. Wannan ya ce 2020 ce. Wancan ya ce ina, ɗaga ta aka yi. Na uku ya ce shi dai ya san baƙa ce, na huɗu ya ce masa ya je ya wanke ido, shuɗiya ce mai duhu.

Musun bai tsaya a bakin titi ba. Shi ake yi a wurin dillalai, inda tazarar shekara biyar take nufin tazarar miliyoyin naira. Shi ake yi a Ƙofar Ruwa in an je neman fitila ko bamba, da wurin mai fenti in an goge ƙofa, da gaban jami'in kwastan in ya buƙaci takardu. Tambayoyin biyu ne: wane zubi ce motar, kuma da wane launi ta baro masana'anta? Ido yana kusantar da mutum ga amsa, amma ba shi yake yanke hukunci ba. Fuska da tambari da fenti duk ana sauya su a gareji cikin 'yan kwanaki. Masu yanke hukunci su ne lambobin da aka buga a jikin motar ranar da aka ƙera ta.

Abu huɗu da ake cakuɗawa

In aka ce "wace iri ce?", abu huɗu aka tambaya a dunƙule. Na farko ƙira, wato sunan da kamfani ya raɗa wa jerin motocin: S-Class, Phantom, LX, Range Rover. Sunan yana iya shekara hamsin bai canza ba. Na biyu zubi: bayan wasu shekaru kamfani yakan ajiye tsohon zane ya sake motar tun daga ƙarfen ƙasa har rufi, sunan kuwa yana nan. Na uku kwaskwarima: a tsakiyar rayuwar zubi ɗaya sai a sauya fitilu da bamba da sitiyari, amma ƙofofi da rufi da gilasai suna nan yadda suke. Na huɗu shekarar samfuri, wadda ba lallai ta zo ɗaya da ranar ƙira ba. Motar da aka haɗa a watan Satumba na 2015 tana iya zama samfurin 2016.

Dillalan Najeriya sun daɗe da gano wannan, shi ya sa suke yi wa kowane zubi laƙabi. Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 ita ce Baby Boy. Ta 2003 zuwa 2005 End of Discussion, ta 2006 da 2007 kuma Discussion Continues, alhali biyun nan zubi ɗaya ne, kwaskwarima ce ta raba su, an fi ganinta a fitilun baya. Camry ta 2007 zuwa 2011 ita ce Muscle. A gidan Marsandi akwai V-Boot, akwai Shagari, akwai Beast. Laƙabin yana aiki sosai, domin mai kayan gyara ya fi saurin gane shi fiye da shekara. Sai dai manyan motocin yanzu yawancinsu ba su da laƙabi, da shekara ake kiran su. Ta nan ha'inci yake samun ƙofa, don shekara abu ne da baki yake faɗa, fuskar da aka sayo a kwali ta gaskata shi.

Marsandi: lambar zubi ita ce sunan gaskiya

Mercedes-Benz ta sauƙaƙa wa mai bincike, domin kowane zubi yana da lambarsa. S-Class ta fara amsa wannan suna da W116 a 1972. Sai W126 daga 1979 zuwa 1991, wadda zuwanta ya dace da mulkin Shehu Shagari har sunansa ya bi ta. Sai W140 daga 1991 zuwa 1998, wato Beast, W220 daga 1998, W221 daga 2005, W222 daga 2013, da W223 daga 2020.

Kowace da alamarta. W126 tana da faffaɗan roba a ƙasan ƙofofi, mai gurza-gurza kafin kwaskwarimar 1985, sumul bayanta. Beast ƙatuwa ce mai kusurwoyi, gilasan ƙofofinta ruɓi biyu ne, kuma na farkonta suna da wasu siraran sanduna biyu da suke fitowa a ƙarshen but in an sa giyar baya, don direba ya ga iyakar motarsa. W220 ta rage jiki ta yi santsi, sigina ta hau kan madubin gefe. W221 ana gane ta da kumburarrun bakunan taya, kuma sandar giyarta ta koma jikin sitiyari. Fitilun bayanta na farko suna da ratsin launin jikin motar, a 2009 aka cire ratsin. W222 ta zo da manyan allunan kallo biyu a jere gaban direba. Sitiyarinta mai hannu biyu ne kafin 2017, mai hannu uku bayan nan, lokacin da fitilun gaba suka sami layukan haske uku. W223 kuwa babban allo ne a miƙe a tsakiya, ga hannun ƙofa da yake nutsewa cikin jiki a yawancinsu.

Wani lokaci tambarin baya shi kaɗai yana taƙaita shekaru. Baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, wadda take ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Legas, 230.6 ce daga zubin W114. Ba ma S-Class ba ce, matsakaiciya ce. Kamfanin ya fara rubuta 230.6 a 1973 don a bambanta mai silinda shida da mai huɗu, saboda haka rubutun kaɗai ya sa motar tsakanin 1973 da farkon 1976. Haka V-Boot, wato W124: kafin 1993 harafi yana bayan lamba, kamar 230E, daga 1993 ya dawo gaba, kamar E 220.

Amma tambari gam ne yake riƙe da shi. Yau ana liƙa wa S-Class ta yau da kullum ragar gaba da tambarin Maybach a ce ta zama Maybach. Mai lura ba zai dubi tambarin ba, ƙofar baya zai duba. A Mercedes-Maybach ta zubin 222 ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku ba a jikin ƙofa yake ba, yana bayanta a jikin ginshiƙin rufi, kuma motar ta fi doguwar S-Class tsawo da kusan santimita 20. Wannan ba aikin gam ba ne.

Rolls-Royce: inda ido ya fi shan wuya

Mutanen Kabara sun saba ganin Rolls-Royce tana fitowa daga fada, dogarai cikin ja da kore suna kewaye da ita, tun zamanin Sarki Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, har zuwa bayansa. Tsohuwar nan mai ruwan sararin samaniya ta shiga hotuna ba adadi. Motoci irinta su ne suka fi wahalar da ido, kuma akwai dalili.

Silver Wraith, wadda aka yi daga 1946 zuwa 1958, kamfanin ba ya sayar da ita da jiki. Shasi da inji yake bayarwa, sai mai saye ya zaɓi maƙeran jiki irin su Hooper, ko H. J. Mulliner, ko Park Ward, ko James Young, su gina masa yadda yake so. Shi ya sa za a ga biyu 'yan shekara ɗaya ba su yi kama ba, a ga biyu kuma masu tazarar shekaru sun yi kama saboda hannu ɗaya ya gina su. Phantom IV ta 1950 zuwa 1956 guda 18 kacal aka yi, aka keɓe wa gidajen sarauta da shugabannin ƙasashe, don haka duk wanda ya nuna maka tsohuwar Rolls ya ce ita ce, sai ya kawo hujja mai ƙarfi. Zungura-zunguran da suka biyo baya su ne Phantom V daga 1959 da Phantom VI daga 1968.

Silver Cloud ta 1955 ta fi sauƙi, domin yawancinsu da jikin masana'anta suka fito. Duk da haka ta farko da ta biyu kusan ba sa rabuwa daga waje, sai an ɗaga murfin inji: ta farko silinda shida ne a jere, ta biyu, daga 1959, silinda takwas ne. Ta uku, daga ƙarshen 1962, ita ce mai fitilu huɗu a gaba. Silver Shadow ta 1965 ta bar tsohon salo mai kumburarrun kafaɗu ta koma miƙaƙƙen jiki, a 1977 kuma ta sami baƙar bamba ta roba. Wani abin ruɗani shi ne a waɗannan shekaru Bentley da Rolls-Royce jiki ɗaya suke amfani da shi, ragar gaba da tambari ne suka bambanta su. A kasuwar tsofaffin motoci an sha sa wa Bentley ragar Rolls.

Ɓangaren sitiyari ma shaida ne. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972. Motar da aka yi odarta don titunan ƙasar nan kafin lokacin, sitiyarinta yana dama ne, irin na Ingila.

Na zamani kuwa, tun da BMW ta karɓi sunan ta fara ƙira a Goodwood a 2003, zubi biyu ne na Phantom. Na 2003 yana da siririyar fitila a sama da zagayayyiya a ƙasanta, a 2012 aka mayar da zagayayyiyar mai kusurwa huɗu. Na 2017 ragar gabansa ta shige cikin jiki maimakon ta tsaya ita kaɗai, kuma gaban fasinja akwai dogon gilashi da ake ƙawata bayansa.

Tsofaffin Rolls suna da faranti na ƙarfe a ɗakin inji mai ɗauke da lambar shasi. Takardun ƙirar waɗannan motoci suna ajiye a Ingila, a hannun ƙungiyar masu sha'awar Rolls-Royce. Da lambar shasi ake gano wanda ya fara saye, da maƙerin jiki, da launin da ta fito da shi. Mercedes-Benz ma tana ajiye katin bayanin kowace tsohuwar motarta. Musun da zai ci shekara a majalisa, wasiƙa ɗaya tana kashe shi.

Ɗaga mota

Babu motar da ta fi shan ɗagawa kamar Lexus LX 570 da 'yar'uwarta Land Cruiser 200. Dukansu sun fito a 2007, aka ci gaba da yin su har 2021, da kwaskwarima a 2012 da 2015. Shekara 14 ke nan a kan shasi ɗaya. Wannan ya sa fuskar ta ƙarshe tana hawa kan ta farko in an sauya murfin inji da kafaɗu da bamba da fitilu. Kayan suna zuwa a kwali, ƙwararren mai gyaran jiki ya ɗaura, mai fenti ya fesa, ta 2009 ta fito da fuskar 2020. Ana yi wa G-Class da Range Rover irin wannan.

"Ranka ya daɗe, dubi fitilar nan mana, ai ba sai an faɗa maka ba," in ji dillali.

Fitilar kuwa ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a duba. A buɗe ƙofa a shiga. LX 570 ta gaskiya daga samfurin 2016 tana da faffaɗan allo mai inci 12.3 a saman gaban mota, ana sarrafa shi da wani ɗan maɓalli kusa da giya. Ko an sauya wannan ma, don yanzu har cikin ake ɗagawa, akwai abin da ba a cika taɓawa ba saboda tsada: giya. Ta kafin samfurin 2016 giya shida gare ta, ta bayansa takwas. A tura sandar giya ɓangaren da direba yake sauyawa da hannu a ƙirga. In ta tsaya a shida, an gama magana. Land Cruiser 300 da LX 600 kuwa, da suka zo daga 2021, sun bar inji mai silinda takwas sun koma shida, galibi mai turbo, don haka mai silinda takwas da fuskar 300 ta tona kanta tun daga ƙarar inji.

Akwai kuma ƙananan shaidu da masu ɗagawa suke mantawa. A jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, a gindinsa akwai ɗan ƙyalle da yake ɗauke da shekarar da aka yi shi a motoci da yawa. A dubi hatimin da ke kusurwar kowane gilashi, a ga ko duk iri ɗaya ne. A dubi kan kusoshin da suka riƙe kafaɗa da murfin inji: in sifana ta taɓa su, fentin kansu zai nuna ƙwarzane. A dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da kafaɗa, ta masana'anta daidai take daga sama har ƙasa.

Haruffa 17

Tun samfurin 1981 motocin kasuwar Amurka suke ɗauke da lambar shasi mai gurbi 17, kuma tsarin ya game duniya. Babu I, babu O, babu Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Ana samunta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan takardar da aka liƙa a ginshiƙin ƙofa, sannan an buga ta a ƙarfe: a Land Cruiser a jikin shasi ta wajen tayar gaba ta dama, a Marsandi da yawa a daɓen mota kusa da kujerar gaba ta dama. Dole wuraren nan su faɗi magana ɗaya, su kuma dace da takardar kwastan.

Gurabe uku na farko suna faɗin maƙeri: SCA Rolls-Royce, SCB Bentley, SAL Land Rover, WBA BMW, WDB ko WDD Marsandin Jamus, JT kuma Toyota da Lexus na Japan. A motar da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na 10 shi ne shekarar samfuri. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9. A ita ce 2010, B 2011, a haka har H ta 2017, sai a tsallake I zuwa J ta 2018, K 2019, L 2020. LX ɗin da dillali ya rantse 2020 ce, in gurbinta na 10 ya nuna 9, to 2009 ce. Jerin yana maimaita kansa duk shekara 30, A tana iya zama 1980 ko 2010, amma wannan ido ma ya isa ya raba.

A nan wasu suke yin tuntuɓe: Marsandin da aka yi wa kasuwar Turai ba ta bin wannan ƙa'ida. Gurbinta na 10 yana nuna ɓangaren sitiyari ne, 1 hagu, 2 dama. Amma ta ba da wani abin da ya fi: gurbi na 4 zuwa na 6 lambar zubi ce ƙarara. WDD221 ba za ta taɓa zama 222 ba, komai kyan fitilun da aka sa mata.

Lambar tana da wani amfanin. Motoci da yawa da ake kawowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin haɗari da na ambaliya, irin na Copart da IAA, kuma da lambar shasi ana iya ganin tarihinsu a intanet, wani lokaci har da hotunan ranar gwanjon, da launinsu na lokacin. Hukumar kwastan ta Najeriya ma tun 2022 ta koma ƙiyasta harajin mota da wannan lamba. Da ma a watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya sa 'yar Kwatano mai takardu marasa kan gado ta zama abin tsoro ga mai saye.

Launi: abin da ido ya gani da abin da masana'anta ta rubuta

Masu dawakin Kano ba sa sayen doki don an ce musu akawal ne ko kili ko bikili ko hurde. Launin suna gani, amma sai sun buɗe baki sun dubi haƙora kafin su yarda da shekarunsa. Launin mota ma yana da nasa haƙoran, wato lambar fenti.

A Toyota da Lexus tana kan takardar ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. A Marsandi tana kan takardar ginshiƙin ƙofa, a tsofaffi kuma kan farantin ƙarfe a ɗakin inji. Lambar ta kamfani ce, ba ta duniya ba: 040 a Marsandi baƙi ne wuluk, 040 a Toyota fari ne tas. Wanda ya kai wa mai haɗa fenti lamba bai faɗi kamfani ba, ya kai rabin saƙo.

Abin da ido yake kira baƙi ko fari ya kasu. A Marsandi 040 baƙi ne zalla, 197 baƙi ne mai ƙyalli. A inuwa ba a raba su, amma in rana ta doki 197 sai a ga ƙananan ƙwayoyi suna walƙiya a cikinsa. Fari 149 zalla ne, 799 mai sheƙin lu'ulu'u ne. Ruwan azurfa akwai 744, akwai 775. A Toyota 040 fari ne zalla, 070 mai sheƙi, 202 baƙi. Bambancin daga ginin fentin yake. Ana fara shimfiɗa na ƙasa mai kama ƙarfe, a sa mai launi, a rufe da garai-garai mai sheƙi. Mai ƙyalli an zuba masa garin alminiyom, mai lu'ulu'u kuma wani ma'adini mai ɗaukar ido, kuma farinsa sau da yawa hawa uku ne, shi ya sa gyaransa ya fi tsada da wuya. Rolls-Royce tana cewa tana da launuka 44,000, kuma tana haɗa wa mai saye nasa na kansa, har siririn layin da ke bin gefen motar da hannu ake ja. A irin wannan mota, ba wanda zai faɗi sunan launi daga hoto ya ce ya tabbata.

Hoto ma maƙaryaci ne a wannan fage. Kyamarar waya tana gyara launi da kanta. Hazon hunturu yana dusashe shuɗi ya koma ruwan toka. Hasken yamma yana mayar da ruwan azurfa ruwan gwal. Jar ƙura tana sa fari ya koma ruwan madara. Shuɗi mai duhu da kore mai duhu duk baƙi ne a ƙarƙashin fitilar titi. Wanda yake son ganin launi na gaskiya sai ya sa a wanke motar, ya dube ta da hantsi a fili, ya zagaya ta, ya kuma tsuguna ya kalli gefenta a karkace. A nan ƙofar da aka sake fesawa take fita daban.

In ana zargin an juye launin gaba ɗaya, a nemi wuraren da mai fesawa yake ƙyashin kaiwa: ƙarƙashin shimfiɗar but, bayan robar ƙofa, cikin ɗakin inji, ƙarƙashin kafet. A shafa gefen robar gilashi da yatsa, in akwai kaifin fenti ko feshi a kan robar, an yi aiki. Maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle yana nuna inda aka cike lotsawa da fila, don a nan ba ya kamawa sosai. Sai dai wannan dabara ba ta aiki a jikin alminiyom, irin na Range Rover daga zubin 2012 da Phantom ta zamani. Akwai ɗan na'urar auna kaurin fenti da take shiga aljihu: fentin masana'anta galibi yana tsakanin maikiron 100 da 180, in aka ga wani ɓangare ya ninka haka sau biyu ko uku, an sake fesa shi. Sannan ga leda da ake naɗe mota da ita yanzu, wadda buɗe ƙofa kawai yake tona ta, don cikin ginshiƙi yana nan da launinsa na asali.

Ko an sami lambar, aiki bai ƙare ba. Ranar Kano tana cin fenti, ja da shuɗi sun fi shan wahala. Motar da ta shekara goma a waje ba launin littafi take ɗauke da shi ba. Shi ya sa gwanin mai fenti yake kwance murfin tankin mai ya tafi da shi wurin mai haɗawa, a fara da lambar, a riƙa ɗigawa ana gwadawa har ya zo ɗaya da abin da rana ta bari. Wanda kuma ya sauya launin motarsa gaba ɗaya, ya tuna takardunta suna ɗauke da tsohon launin. In bai je an gyara ba, zai yi dogon bayani a shingen 'yan sanda.

Ina laifin yake?

Masu ɗaga mota suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Injin LX 570 na 2009 da na 2020 duk mai lita 5.7 ne. Mutum yana da lafiyayyiyar mota, canjin dala ya sa sabuwa ta fi ƙarfinsa, ya kashe kuɗinsa ya sabunta fuskarta don ya ji daɗin shiga taro. Bai cuci kowa ba, kuma ya ba mai gyaran jiki da mai fenti da mai wayarin abinci. Haka wanda ya gaji da baƙi ya mayar da motarsa fara.

Matsalar tana farawa ranar sayarwa. Mai saye yana biyan kuɗin shekarar da aka faɗa masa, alhali giya da na'urorin lantarki da jakunkunan iska na kariya da duk gajiyar ƙarfen na tsohuwar shekarar ne. In ya je sayen kayan gyara da shekarar bogi, a ba shi abin da ba zai hau ba. In ya tashi sayarwa ga wanda ya iya karanta lamba, asarar a kansa take ƙarewa. Wannan ba sabuwar mas'ala ba ce a unguwar malamai irin Kabara. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni, daga Risala har Muhtasar, sun yi bayanin algus da ɓoye aibi a ciniki, sun kuma ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka rufe masa. Hukuncin da ya hau kan dabbar da aka ɓoye ciwonta shi ne yake hawa kan jif ɗin da aka ɓoye shekarunta.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Dillali ya ce, "Alhaji, 2009 ce, an ɗaga ta zuwa 2020, asalinta baƙa ce aka mayar da ita fara, ga lambar shasi ka duba." A rubuta hakan a takardar ciniki, da lambar shasi da lambar fenti, shaidu su sa hannu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Farashin zai sauka zuwa inda ya dace, la'adar za ta ragu kaɗan, amma cinikin ya halatta, kuma ba za a dawo da motar bayan wata biyu da ɗan sanda a kujerar gaba ba.